HASUMIYAR GOBARAU DA SHIGOWAR BAZARA



Da yawa daga garuruwan ƙasar Hausa Allah ya hore musu wani tudu da ake hango su da shi. Kano tana da Dala da Gwauron Dutse, Zazzau tana da Kufena, mutanen Kwatarkwashi kuwa a gindin dutsensu suka kafa gari. Birnin Katsina shi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake zaune, babu dutse a cikin ganuwarsa da mutum zai hau ya leƙa abin da ke tafe. Da magabata suka ga haka sai suka kwaɓa ƙasa suka gina nasu dutsen da hannunsu, watau Hasumiyar Gobarau. A wannan mako muna so mu kai masu karatu wannan wuri a daidai lokacin da hunturu ke naɗe tabarmarsa bazara tana shimfiɗa tata, sa'an nan mu gwada aikin da hasumiyar ta yi wa birni da aikin mutanen da ke kwana a ƙwanƙolin duwatsu a waɗansu ƙasashe suna awon iska. Dalili kuwa shi ne, makonnin nan na ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Maris suna da rikitarwa ƙwarai, kuma a cikinsu akan yi asarar lafiya da dukiya mai yawa saboda rashin lura.

GININ DA TARIHINSA

Hasumiyar tana tsakiyar tsohon birni, cikin unguwar da ke amsa sunanta, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa daga Ƙofar Soro da Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina. Tsawonta kimanin mita 15 ne, watau ƙafa 50. Ginin ƙasa ne tsantsa, gindinsa da faɗi, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa tsukewa. Ruwayar da ta fi shahara a bakin Katsinawa ita ce an gina ta tare da masallacinta a zamanin Muhammadu Korau, wanda ake lissafa shi sarkin Katsina Musulmi na farko. Masu tarihi sun saɓa a kan zamaninsa, waɗansu suka ce ƙarni na 14 ne na Miladiyya, waɗansu suka ce na 15. Akwai kuma masu danganta ginin da zuwan Shaihu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili, wanda ya ziyarci Kano da Katsina wajen shekarar 1493. Ko wacce aka ɗauka, wurin ya haura shekara 500 da kafuwa.

Gobarau shi ne masallacin Juma'ar birni, kuma makarantar ilmi, har zuwa bayan Jihadi lokacin da Sarki Ummarun Dallaje ya mayar da Juma'a wani masallaci. Daga nan tsohon ginin ya yi ta zaizayewa, hasumiyar ce ta saura a tsaye. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka tara magina suka gyara ta, kuma yau tana cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta ɗauki alhakin kiyayewa. 'Yar'uwarta ta Agadas, mai mita 27, ta fi ta tsawo, amma duk wanda ya ga su biyun ya san daga tsatso guda suka fito.

Aikin da aka fi ambata mata biyu ne, kiran salla da hangen mahara. Akwai na uku wanda ke biyo bayan waɗannan ko da ba a ambace shi ba. Mutumin da aka ɗora wa hawa sau biyar a yini, rani da damina, shekara da shekaru, yana duban alfijir yana duban faɗuwar rana, tilas ne ya zama ya fi kowa sanin sararin samaniyar garinsu. Shi ne zai fara ganin hadari yana haɗuwa a gabas, shi ne zai fara ganin hazo yana gangarowa daga arewa. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. A manyan masallatan Masar da Sham akwai ma'aikaci na musamman da ake kira muwaƙƙit, mai tsare lokuta. Mafi shahararsu shi ne Ibnush Shaɗir, shugaban ladanan Masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375, bayan ya kafa agogon inuwa na dutsen marmara a kan ɗaya daga hasumiyoyin masallacin.

FA'IDAR TSAWO

Mai karatu zai iya tambaya, mita 15 me za ta ƙara wa mutum? Ta fuskar sanyi babu wani abin kirki, domin iska takan ragu da kimanin digiri 6 da rabi ne a kowace mita 1,000 da aka hau. Fa'idarta tana wajen hange. Mutumin da ke tsaye a fili, saboda lanƙwasar da doron ƙasa ke da ita, ganinsa bai cika kilomita 5 ba. Idan ya hau mita 15, ganin nan zai kai kusan kilomita 14. A zamanin dawaki da raƙuma wannan rata ta isa a buga tambari, a rufe ƙofofi, a shigo da dabbobi cikin ganuwa. Haka nan ta isa mace ta kwashe shanyarta, fatake su lulluɓe kayansu, marina su janye tufafi daga kan igiya. Abin da tsawo ke saya wa gari shi ne lokaci, watau 'yar tazarar da ke tsakanin ganin abu da aukuwarsa. Amma fa sai an sami mai hawa, mai dubawa da idon basira, mai saukowa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani.

Yau wanda ya sami izinin masu kula da wurin ya bi matakalar nan mai ƙunci ya kai sama, zai ga rufin kwano ya rinjayi soraye, zai ga dogayen ƙarafan wayar salula sun zarce hasumiyar nesa ba kusa ba. Zai ga kawunan bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, sun yi duhu a unguwanni. In ranar garau take zai miƙa ido har bayan Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka, in kuwa ranar hazo ce ko unguwannin da ke kusa sai ya ga kamar an rufa musu farin mayafi.

BAZARA A HISABIN MALAMAI

Magabatanmu ba su bar sha'anin yanayi kara zube ba. Sun gaji lissafin manzilolin nan 28 daga malaman Magrib, ta hanyar littattafai irin su Almuƙni'u na Shaihu Muhammadu bin Sa'id Almirgiti, wanda ya rasu a 1678. A wannan hisabi kowane tauraro kwana 13 gare shi, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. An raba su kashi huɗu, bakwai bakwai, ga bazara da damina da kaka da ɗari. Tauraron ƙarshe na ɗari shi ne Sa'adu Ahbiya. Da ya fita sai bazara ta kama da Far'u Muƙaddam, ranar 15 ga Fabrairun ajami, wadda ta yi daidai da 28 ga Fabrairun kalandar ofis, domin lissafin ajami yana bayan na ofis da kwana 13. Sai Far'u Mu'ahhar, sai Baɗnul Huti, sai Naɗha, Buɗaina, Surayya da Dabaran, sa'an nan damina ta shigo da Haƙ'a a ƙarshen Mayu.

A cikin wannan hisabi akwai waɗansu kwanaki da Magribawa ke kira Husum, mutanen gabas kuma suna ce musu kwanakin tsohuwa. Dare bakwai ne da yini takwas, daga 25 ga Fabrairun ajami zuwa 4 ga Maris, watau 10 zuwa 17 ga Maris na ofis. An san su da iska mai ƙarfi da komowar sanyi bayan mutane sun ɗauka ya tafi. Ko da yake a ƙasashen da ke bayan Sahara aka tsara lissafin, manomi a ƙasar Katsina zai shaida cewa sau da yawa sanyi yakan yi kome a tsakiyar Maris, bayan an riga an naɗe barguna.

Katsina ta fitar da gwanaye a wannan fanni. Shaihu Muhammadu bin Muhammadu Alfulani Alkashinawi ya tafi Hajji, ya zauna Alƙahira yana karantar da hisabi da ilmin taurari, har ya rasu a can a 1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin mai tarihin Masar. Wajibi ne kuma a tuna da iyakar da shari'a ta sa. Hadisin Hudaibiyya da ke cikin Muwaɗɗa ya yi hani mai tsanani ga jingina saukar ruwa ga tauraro a kan cewa shi ne mai saukarwa. Malamai, cikinsu har da Imam Shafi'i, sun bayyana cewa wanda ya ambaci tauraro da nufin lokaci kawai, kamar yadda ake ambaton wata, bai yi laifi ba. Tauraro alama ce ta lokaci, mai sarrafa iska da girgije shi ne Allah. Wannan hukunci shi ne dai ke kan mai awon yanayi na zamani, wanda ke karanta alamomi ya faɗi abin da ya fi rinjaye bisa al'adar da Allah ya gudanar, ba tare da ya yi da'awar sanin gaibu ba.

YINI GUDA A FARKON BAZARA

Bari mu bi yini guda daga kan hasumiya. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 20. Ruwan buta da sanyi, dattawa suna fitowa masallaci a lulluɓe, masu shayi da masu ƙosai suna hura wuta, hayaƙinsu ya kwanta a kan unguwanni ya ƙi tashi, domin iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi da nauyi. Ba a ganin raɓa ko kaɗan a kan ganye. Rana takan fito wajen ƙarfe bakwai saura kwata, in da hazo sai ta fito fara fat kamar faifan azurfa, mutum ya dube ta ido da ido.

Da hantsi, tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya, sai iska ta taso daga arewa maso gabas. Wannan ba ya rasa dalili. Cikin dare akwai wata iska mai gudu da ke wucewa 'yan ɗaruruwan mita a bisa kawunanmu ba ta taɓa ƙasa. Idan rana ta gasa ƙasa, iskar ƙasa ta fara hawa, sai ta cakuɗu da waccan ta jawo ta ƙasa. Shi ya sa masu shiƙa da masu casa suka san hantsi ne lokacinsu, shi ya sa kuma gobarar hantsi ke da wuyar kashewa.

Zawali a farkon Maris yakan kama wajen ƙarfe 12:40. A nan hasumiyar da kanta takan zama ma'auni. Katsina tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka gini mai mita 15 inuwarsa ta zawali takan kai mita 11 ta fuskar arewa a ƙarshen Disamba. Ran 21 ga Maris ba ta wuce mita 3 da rabi, wajen 24 ga Afrilu kuwa rana takan tsaya daidai tsakiyar ka, inuwa ta shige ƙarƙashin mai ita. Wanda ya karanta babin lokutan salla ya san amfanin wannan, domin lokacin la'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an ƙara inuwar zawali. Gajartar inuwar nan kullum ita ce ainihin sanadin zafin bazara, hasken rana yana daɗa sauka a miƙe.

Daga azahar zuwa la'asar zafi yakan haura digiri 35, watau tsakanin asuba da azahar akwai ratar fiye da digiri 15 a yini guda. Laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 15 cikin 100. Leɓe ya tsage, faso ya buɗe, yara su yi ta haɓo, marfin littafi ya lanƙwashe, mai goro ya yi ta yayyafa wa huhunsa ruwa. Ruwan randa kuwa a lokacin ya fi daɗi, domin busasshiyar iska ta fi saurin shanye gumin tukunya, ta haka ruwan ciki ke yin sanyi. A bayan gari za a ga guguwa tana tashi a gonakin da aka share, tana murɗa karmami da toka, ta yi tafiya kaɗan ta mutu.

Da dare sai gida ya rabu biyu, masu cewa a kwana waje da masu cewa a kwana ɗaki. Farkon dare bango yana amayar da zafin da ya sha, sulusin ƙarshe kuwa sanyi ya sauko wa wanda ya kwanta a tsakar gida ba mayafi. Mura da tarin wannan lokaci yawancinsu daga nan suke.

Itatuwa ma suna ba da nasu labari. Rimi yana fasa 'ya'yansa audugarsa tana yawo a iska, ɗorawa ta rataya jajayen furanninta kamar tuntu, mangwaro ya ɗaura 'ya'ya, bedi yana ƙamshi da magariba. Gawo yana nan kore shar, awaki suna tsintar 'ya'yansa, kuka kuwa tsirara take. Shamuwa ba ta iso ba tukuna, sai damina ta matso.

ABIN DA KE KAWO JUJJUYAWA

Ba kowace rana ce take bin wannan tsari ba, wannan kuwa shi ne halin farkon bazara. Iskoki biyu ne ke ja-in-ja a kan Afirka ta Yamma, busasshiya daga Sahara da mai laima daga teku. Iyakar da ke tsakaninsu a watan Janairu tana can kusa da bakin teku, a watan Agusta kuwa takan kai cikin hamada, wajen digiri 20. A watan Maris tana kan hanyarta ta zuwa arewa, amma ba a miƙe take tafiya ba, takan yi gaba ta dawo baya. Ran da iskar kudu ta matso sai a ji gari ya yi cif, gumi ya ƙi bushewa, 'yan gizagizai su bayyana da la'asar. Bayan kwana biyu ko uku sai nauyin iska ya ƙaru a kan Libiya, iskar arewa ta sake yunƙurowa, a wayi gari da ƙura da sanyi kamar ana tsakiyar Janairu.

Ƙurar nan mafi yawanta daga wuri guda take, wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Cadi, kusa da Faya. Tsohon gindin Tafkin Cadi ne tun lokacin da tafkin yake kamar teku, ƙasarsa fara ce mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iska takan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi kamar ruwa a mazurari, ta kwashi wannan gari ta yo yamma da shi. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya iso mu, wani ma yakan ƙetare teku har dajin Amazon. A watan Maris na 2010 irin wannan ƙura ta rufe Nijeriya har Ikko, aka dakatar da tashin jiragen sama, masu ƙarya kuma suka cika wayoyin mutane da jita-jitar wai ruwan guba zai sauka. Inda ilmi ya yi ƙaranci, nan jita-jita ke yin kasuwa.

MAZAUNA ƘWANƘOLIN DUTSE

A waɗansu ƙasashe an mayar da aikin mai hawan hasumiya sana'a mai albashi, an kai shi kan duwatsu. A arewa maso gabashin Amurka akwai Dutsen Washinton, mai tsawon mita 1,917, inda aka kafa tashar awon yanayi a 1932. Ma'aikatanta mako guda suke yi a sama, ran Laraba a canza su, da hunturu kuma sai da mota mai tafiya a kan sarƙa irin katafila ake kai su. Sun raba yini biyu, masu rana da masu dare. Kowace sa'a ɗaya sai mai aiki ya fita waje ya auna zafi da laima, ya dubi girgije, ya ƙiyasta nisan gani, ya dawo ya rubuta. Yawancin kwanakin shekara dutsen a cikin hazon ruwa yake, wanda ke daskarewa a jikin na'urori, saboda haka akwai daren da aikin mutum shi ne hawa bene da guduma yana farfasa ƙanƙara kowace sa'a don kada ma'aunin iska ya tsaya.

Su ma farkon bazararsu haka yake da yaudara. Ƙanƙara ta fara narkewa a gindin dutse, mutanen gari sun rage tufafi, a sama kuwa hunturu bai saki ba. Ran 12 ga Afrilu, 1934, kwana biyu kacal bayan wani yini mai haske da kwanciyar iska, suka auna iska mai gudun kilomita 372 a sa'a guda. Shekara 62 ba a auna wadda ta fi ta a doron ƙasa ba, sai a 1996 da wata na'ura ta auna kilomita 408 a wani tsibiri na Ostareliya. Da mai aikin daren nan ya ji tsoron fita ya yi zamansa a ɗaki, da wannan ilmi ya wuce ba wanda ya sani.

Kusa da mu kuma akwai tashar Asekrem a duwatsun Ahaggar na Aljeriya, arewa da Tamanrasat, garin da fatakenmu masu bin hanyar Agadas suka sani. Tsawon wurin ya haura mita 2,700, kuma yana cikin tashoshin da Hukumar Yanayi ta Duniya ta keɓe don auna tsabtar iska da ƙurar Sahara. A Sikotilan ta Birtaniya an yi wata tasha a kan dutsen Ben Nebis, inda aka yi awo kowace sa'a daga 1883 zuwa 1904, sa'an nan aka rufe ta don rashin kuɗi. Fiye da shekara 100 bayan haka, a 2017, dubban masu sa kai suka kwafe littattafanta zuwa kwamfuta, domin masana sun ga suna bukatar kowane layi da ke ciki. Halifa Ma'amun ma a kan Dutsen Ƙasiyun na Dimashƙa ya zaunar da masana wajen shekarar 831, suna auna rana da wata kullum suna rubutawa. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne haƙuri a kan aiki guda mai gundura, da riƙon amana a wurin da ba mai ganin mutum sai Mahaliccinsa.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

A Katsina yau wannan aiki yana hannun Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, tana da tasha a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa. A irin wannan tasha za a ga farin akwati mai tagogi wanda ma'aunan zafi ke ciki, da kofuna masu juyawa don auna gudun iska, da gwangwani mai mazurari don auna ruwan sama. A farkon kowace shekara hukumar takan fitar da hasashen damina, ta faɗi lokacin da ake zaton ruwa zai zauna a kowace jiha da lokacin da zai ɗauke. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET da ƙasashen Sahel suka kafa a 1974, bayan farin da ya halaka dabbobi da mutane a farkon shekarun 1970.

Na farko, muna kira ga ma'aikata. Duk wanda aka ba ma'auni, a tashar yanayi ne ko ofishin gona ko makaranta, ya sani lambar da yake rubutawa shaida ce. Wanda ya yi barci ya tashi ya cike gurbi da ƙiyasi ya yi shaidar zur, kuma a kan lambobinsa za a gina hasashen da manomi zai dogara da shi ya zuba irinsa. Ruwan Katsina a shekara bai fi milimita 600 zuwa 700 ba a mafi yawan shekaru, kuma kusan dukkansa cikin wata huɗu yake sauka. Ƙasa mai irin wannan ƙarancin rabo ba ta iya ɗaukar ƙarya a littafin awo.

Na biyu, 'yan kasuwa da manoma. Yayyafin da kan faɗo a ƙarshen Maris ko Afrilu ba damina ba ne, wanda ya yi shuka a kansa sau da yawa sai ya sake sayen iri. Mai alkama a fadamun Jibiya da makamantansu ya san zafin da ya zo da wuri yana rage cikar ƙwaya. Mai tumatir da ke loda kwanduna zuwa kudu ya san kayan da suka jure kwana uku a hanya cikin Janairu ba za su jure haka a Maris ba. Shugabannin kasuwa su tsananta a kan wutar da ake bari a rumfuna da wayoyin lantarki da aka jona barkatai, domin a wannan busasshen lokaci tartsatsi guda ya isa.

Na uku, lafiya. Wannan shi ne lokacin sanƙarau. Ƙura da bushewa suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki marar taga kuma yana yaɗa cutar, ba ta lafawa sai ruwa ya sauka. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, ta sake ɓarkewa a 2017 a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. Malaman makarantun allo da masu gidaje su rage cunkoson ɗakunan kwana, su kai yara rigakafi, wanda kuma aka ga yana zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a garzaya da shi asibiti a ranar.

Na huɗu, ibada. A 2024 azumi ya kama ran 11 ga Maris, a 2025 ran 1 ga Maris, kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11 zuwa cikin hunturu. Ran da hazo ya yi kauri rana takan ɓace a cikinsa tun da sauranta a sama, wanda ya sha ruwa a kan wannan ɓacewa ya sha kafin lokaci. A irin wannan rana sai a dogara da jadawalin da masana suka tabbatar da agogo mai kyau, ladanai kuma su yi hattara. Haka nan in hazo ya rufe jinjirin wata, hukuncin shari'a a sarari yake, a cika talatin a saurari sanarwar Sarkin Musulmi.

Muna roƙon hukumomin ilmi na jiha su sa ma'aunin ruwa da na zafi a makarantun sakandare da na Islamiyya, a ba ɗalibai littafi su riƙa rubutawa kullum, a kuma riƙa kai su Gobarau su auna inuwarta da kansu su gwada da abin da suka karanta a fiƙihu. Kuɗin wannan bai kai na shagalin yini guda ba, amfaninsa kuwa jikokinmu ne za su fi mu gani.

Allah ya ba mu bazara mai sauƙi da damina mai albarka, ya kare mu daga annoba da gobara, ya jiƙan magabatan da suka gina mana wannan hasumiya.